Ahmad Jazzar: Mahaucin Akka da ya juya wa Napoliyon bakin igwarsa

A watan Maris na 1799, Janar Napoliyon Bonapat ya sauka da rundunarsa a gaban ganuwar Akka, wani ƙaramin gari da ke gaɓar tekun Bahar Rum a arewacin Falasɗinu. Yana da shekara 29, ya ci Italiya, ya ci Masar, kuma babu wani birni da ya taɓa gagarar sa.

Wanda ke cikin ganuwar tsoho ne da ya haura shekara 60, Ahmad Basha al-Jazzar, gwamnan Daular Usmaniyya ta Turkiyya a wannan yanki. Talakawansa na tsoronsa, fadar Sarkin Musulmi da ke Istanbul ba ta gama yarda da shi ba, ganuwarsa kuma ba a gina ta don jure ruwan igwa ba.

Bayan wata biyu, Napoliyon ya naɗe tabarmarsa cikin dare ya koma Masar. Daga cikin abubuwan da suka kore shi har da igwoginsa na kansa, waɗanda aka ƙwace a teku aka ɗora su a kan ganuwar suna yi masa luguden wuta.

Daga Bosniya zuwa Masar

An haifi Ahmad a Bosniya, a kudu maso gabashin Turai, a farkon rabin ƙarni na 18, lokacin da yankin ke ƙarƙashin Turkawa. Ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma ɗan masu dukiya ba. Ya baro gida yana saurayi, ya zauna a Istanbul, daga nan ya bi tawagar wani babban jami'in daular zuwa Masar a shekarun 1750.

A wancan zamani Masar tana hannun Mamalik, wato sojojin da ake sayowa bayi tun suna yara, a horar da su yaƙi, a 'yanta su, har wasunsu su zama masu mulki. Ahmad ba bawa ba ne, amma ya shiga cikinsu, ya koyi hawan doki da sara da harbi irin nasu, ya kama aiki a gidan wani jigo mai suna Abdullahi Bey.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wasu Larabawan ƙauye ne suka kashe maigidan nasa. Ahmad ya yi musu tarko ya karkashe mutane da dama daga cikinsu don ramuwa. Daga nan laƙabin al-Jazzar ya bi shi, wato mahauci da Larabci. Bai ƙi sunan ba, da shi ya yi ta amfani har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan aika-aika ta sa Ali Bey al-Kabir, wanda ke juya Masar a lokacin, ya jawo shi jiki, ya riƙa tura shi kawar da abokan hamayya. Amma a 1768 aka umarce shi da ya sa hannu a kashe Salihu Bey, mutumin da ke da alaƙa ta amana da shi, sai ya noƙe. Ya san abin da zai biyo baya, don haka ya sulale ya bar Masar.

Darasin Bairut

Bayan ya yi yawo na ɗan lokaci, Jazzar ya ɓulla a ƙasar Sham, inda Sarki Yusuf Shihab na tsaunukan Labanan ya karɓe shi. Lokacin Turkiyya na yaƙi da Rasha, jiragen ruwan Rashawa na shawagi a Bahar Rum suna mara wa masu tawaye baya. Aka damƙa wa Jazzar tsaron Bairut.

Ya gyara ganuwar garin, ya tara makamai, da ya ji ƙafarsa ta kafu sai ya ƙi mayar wa Sarki Yusuf garin. Yusuf ya haɗa kai da Zahir al-Umar, shugaban Larabawan da ke mulkin Akka da Galili, suka gayyato Rashawa. A 1773 jiragen Rasha suka yi ta zuba wa Bairut wuta daga teku, aka kuma datse ta ta tudu.

Jazzar ya jure tsawon watanni. Ganuwar ta fashe a wasu wurare, amma ba a iya kutsawa ba. Yunwa ce ta sa ya miƙa wuya a watan Oktoba.

Ya fita daga Bairut da ilimi biyu da suka yi masa rana daga baya. Na farko, fashewar ganuwa ba ita ce faɗuwar gari ba, muddin akwai masu tsayawa a bakin giɓin. Na biyu, garin da ke bakin teku yana hannun wanda ke riƙe da tekun ne, domin ta nan abinci da albarushi ke shigowa ko su yanke.

Ya yi wa Zahir aiki na ɗan gajeren lokaci, sannan ya gudu ya koma ɓangaren Turkawa. A 1775 rundunar ruwan daular ta far wa Akka, aka kashe Zahir. Aka bai wa Jazzar riƙon garin, ba da daɗewa ba kuma aka naɗa shi gwamnan lardin Saida baki ɗaya. Maimakon ya zauna a Saida, sai ya mayar da fadarsa Akka.

Mulki da takobi

Kusan shekara 30 Jazzar ya yi yana mulki daga Akka, a zamanin da gwamnonin daular ba su cika wuce shekara biyu ko uku a kujera ba. Istanbul ta riƙa ƙyale shi saboda yana aika haraji, yana kuma danne masu tawaye.

Rundunarsa ta ƙunshi Mamalik nasa na kansa da sojojin haya daga Bosniya da Albaniya da ƙasashen Magrib da kuma Kurdawa. Ya murƙushe 'ya'yan Zahir. A 1781 ya ci shugabannin Jabal Amil da ke kudancin Labanan, aka kashe jagoransu Nasif al-Nassar. A tsaunukan Labanan kuwa ya riƙa haɗa 'yan gidan Shihab faɗa, ya ɗora wannan ya sauke wancan, wanda ya fi biya shi ke samun sarauta. Sarki Yusuf, wanda ya ba shi mafaka tun yana ɗan gudun hijira, a hannunsa ya mutu a Akka.

Sau huɗu ana ba shi gwamnan Dimashƙa, muƙamin da ke tafe da amirul hajji na ayarin Sham, wanda ke ratsa hamada zuwa Makka duk shekara.

Dukiyarsa daga auduga da hatsi ta fito. Ya hana manoma sayar wa kowa sai shi, shi kuma ya sayar wa Turawa a farashin da ya ga dama. Da 'yan kasuwar Faransa da ke zaune a Akka suka kai ƙararsa Istanbul, sai ya kore su daga garin a farkon shekarun 1790. Manoma da yawa sun tsere daga ƙauyukansu saboda nauyin haraji.

Hukuncinsa ba sauƙi. Matafiyan da suka je fadarsa sun ba da labarin ma'aikatan da aka yanke wa kunne ko hanci suna ci gaba da aiki a gabansa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Hayim Farhi, Bayahuden Dimashƙa da ke riƙe masa baitulmali. Jazzar ya sa aka ƙwaƙule masa ido ɗaya, aka yanke masa kunne da kan hanci, daga baya kuma ya mayar da shi kan aikinsa.

A 1789 Mamalik nasa suka yi masa bore, bayan ya zarge su da hulɗa da matan gidansa ya fara kisa. 'Yan tawayen suka tattaro mayaƙa suka yada zango a filin da ke gaban Akka. Jazzar, da 'yan tsirarun da suka rage masa, ya buɗe musu wutar igwa daga kan ganuwa, ya kuma afka musu cikin dare, suka watse. Tun daga nan zarginsa ga na kusa da shi ya ƙaru.

Amma mutumin nan shi ne ya gina Akka. A 1781 ya kammala babban masallacin da ke ɗauke da sunansa, da ginshiƙan marmara da aka kwaso daga kufan tsoffin birane irin su Ƙaisariyya. Ya gina masaukin fatake na Khan al-Umdan, da gidan wanka na Hammam al-Basha, ya jawo wa garin ruwa daga maɓuɓɓugan Kabri. A zamaninsa Akka ta shiga sahun manyan garuruwan Sham.

Napoliyon ya nufo Sham

A Yulin 1798 Napoliyon ya sauka a Masar, ya ci Mamalik, ya shiga Alƙahira. Amma ranar 1 ga Agusta, Admiral Nelson na Birtaniya ya ragargaza jiragen yaƙin Faransa a Abu Ƙir. Rundunar Faransa ta maƙale a Masar, teku ta koma hannun Ingilishi.

Sarki Salim na Uku ya shelanta yaƙi, aka fara tara runduna biyu, ɗaya ta tudu a Sham, ɗaya ta ruwa a tsibirin Rodas. Napoliyon ya aika wa Jazzar manzo da wasiƙu yana neman sulhu. Jazzar ya ƙi ko ganin manzon.

Napoliyon ya ga gara ya riga su. A Fabrairun 1799 ya ratsa hamadar Sina'i da sojoji kusan 13,000. Ya ci al-Arish, ya ci Gaza, ranar 7 ga Maris kuma ya fasa ganuwar Yafa. Bayan an wawashe garin, ya sa aka kai fursunoni fiye da 2,000 bakin teku aka kashe su.

Labarin Yafa ya riga shi isa Akka. Duk wanda ke cikin ganuwa ya fahimci cewa miƙa wuya ba zai tsirar da shi ba. A Yafa ɗin ne kuma annoba ta kama sojojin Faransa, ta biyo su arewa.

Igwogin da suka sauya hannu

Igwa iri biyu ce a yaƙin wancan zamani. Akwai ƙanana, waɗanda dawaki ke ja a fagen fama, don harbin mutane da dawaki. Akwai kuma manya na fasa ganuwa, masu jefa dunƙulen ƙarfe mai nauyin kusan kilo 12, waɗanda ake kafawa a dage da dukan wuri ɗaya har dutse ya ruguje.

Manyan sun yi nauyin da ba za a ja su cikin rairayin Sina'i ba. Saboda haka Napoliyon ya loda su a ƙananan jirage daga Masar, da nufin su tarar da shi a Akka.

Wani hafsan ruwa na Birtaniya, Sidney Smith, ya riga su isa da manyan jiragen yaƙi biyu, Tigre da Theseus. Ranar 18 ga Maris, a kusa da Dutsen Karmel, ya yi kiciɓis da ayarin, ya kama mafi yawan jiragen da igwogin da albarushinsu da harsasansu.

Tare da Smith akwai wani Bafaranshe mai suna Antoine de Phelippeaux, masanin igwa da ginin kariya, mai goyon bayan gidan sarautar da juyin juya halin Faransa ya kifar. Ajinsu ɗaya da Napoliyon a makarantar soja ta Faris, kuma tun a can ba sa ga maciji.

Jazzar, wanda bai yarda da kowa ba, ya bar wannan baƙo ya taɓa masa ganuwa. Ganuwar ta zamanin Zahir ce, doguwa amma siririya, an gina ta don tare mahara a kan dawaki. Phelippeaux ya sa aka ƙarfafa ta, aka hau da igwogin da aka ƙwace, aka kafa su suna kallon sansanin masu su. Ma'aikatan jiragen Birtaniya da suka ƙware a harbi suka sauko suka kama wasunsu.

Yanayin garin ma ya taimaka. Akka tana kan wani ɗan tsiri ne da ya kutsa cikin teku, don haka ta tudu kaɗai ake iya tunkarar ta. Smith ya ajiye jiragensa a gefe da gefe, ta yadda duk wanda ya doshi ganuwar zai sha wuta ta gaba, ya sha ta dama, ya sha ta hagu.

Wata biyu a bakin giɓi

Faransawa suka haƙa ramukan fakewa suna matsowa, suka zaɓi babbar hasumiyar da ke kusurwar arewa maso gabas. Da ƙananan igwoginsu suka yi ta dukanta har ta ɗan buɗe.

Ranar 28 ga Maris suka kai farmakin farko. Da suka isa gwalalo, wato ramin da ke kewaye da ganuwa, sai suka tarar ya fi yadda suka zata zurfi, tsanukansu kuma ba su kai giɓin ba. Aka yi musu ruwan harsashi da duwatsu daga sama, suka ja da baya.

Daga nan yaƙin ya koma ƙarƙashin ƙasa. Faransawa na haƙa rami zuwa gindin hasumiya su cusa albarushi, mutanen gari na haƙa nasu don su tare su. Mayaƙan Jazzar kuma suna fita ba zato su afka wa ramukan abokan gaba su koma. Harsasan igwa suka yi wa Faransawa ƙaranci, har Napoliyon ya sa ladan kuɗi ga duk sojan da ya tsinto waɗanda jiragen Birtaniya suka harbo.

Ranar 16 ga Afrilu, rundunar da ta taso daga Dimashƙa don ceton Akka ta sha kashi a hannun Napoliyon a kusa da Dutsen Tabur. Wannan nasara ba ta buɗe masa ƙofar gari ba. Sarki Bashir Shihab na Labanan, wanda Napoliyon ya nemi goyon bayansa, ya zauna a tsauninsa yana jiran ya ga inda za ta faɗi. Babban injiniyan Faransa, Janar Caffarelli, ya ji rauni a hannu a cikin rami, aka yanke hannun, ya mutu a ƙarshen watan.

A daidai lokacin ne wasu manyan igwogi suka iso wa Faransawa ta tashar Yafa, giɓin ya fara faɗaɗa. Amma masu kare gari sun riga sun yi tanadi. Sun gina ƙananan shingaye a wajen ganuwa, a gefe biyu na giɓin, don harbin masu hawa ta haƙarƙari. A ciki kuma sun tayar da katanga ta biyu a bayan ta farko, kusa da lambun fadar Jazzar. Hayim Farhi na cikin waɗanda suka tsaya kan wannan aiki. Phelippeaux bai ga ƙarshen yaƙin ba, rashin lafiya ta kashe shi a farkon Mayu.

Ranar 7 ga Mayu aka hango jirage daga Rodas ɗauke da sojojin agaji na Turkawa. Napoliyon ya ga lokaci na ƙure masa, ya tura farmaki tun kafin su sauka. Kashegari wasu sojojinsa suka haura giɓin suka shiga, sai suka tsinci kansu tsakanin katanga biyu, ana harbinsu daga rufin gidaje, ana sara da takubba. Janar Rambaud ya mutu a nan, aka janye Janar Lannes da rauni.

Rahoton da Smith ya aika gida ya nuna Jazzar zaune kusa da wurin faɗan, yana raba wa mayaƙa harsasai da hannunsa, yana ba da lada ga duk wanda ya kawo masa kan abokin gaba.

Ranar 10 ga Mayu aka kai farmakin ƙarshe, shi ma ya ci tura. Annoba na cin sansanin, gawarwaki na ruɓewa a gwalalo. A daren 20 ga Mayu rundunar Faransa ta janye, ta bar manyan igwoginta. Mutum kimanin 2,000 ta rasa a tafiyar Sham, wasu a fagen fama, wasu a hannun annoba.

Napoliyon ya shiga Alƙahira a watan Yuni da bikin da aka shirya kamar na mai nasara. A watan Agusta ya bar rundunarsa ya koma Faransa, inda ya ƙwace mulki kafin ƙarshen shekarar. Bai sake komawa Gabas ba.

Ganuwar da ya bari

Nasarar ta kai sunan Jazzar har Turai, ta kuma ƙara masa ƙarfi a kan Istanbul. Marubutan Ingila sun jingina ta ga Smith da jiragensa, na Gabas kuma ga Jazzar da mayaƙansa. Abin da ya faru a fili shi ne, jiragen sun hana Napoliyon manyan igwoginsa sun kuma buɗe wa garin hanyar abinci, su kuma mutanen Jazzar su ne mafi yawan waɗanda suka tsaya a bakin giɓin, bisa umarnin mutumin da ya ƙi guduwa ta teku alhali hanyar a buɗe take.

Shi kansa ya san da ƙyar aka sha. Da ƙura ta lafa, ya fara sabuwar ganuwa ta ɓangaren tudu, irin wadda zamanin igwa ke buƙata: mai kauri sosai, cike da ƙasa a tsakiya don ta shanye dukan harsashi, da faffaɗan gwalalo, da manyan dandamali a kusurwoyi inda igwogi za su riƙa kare juna.

Bai ga kammalarta ba. Ya rasu a Akka a 1804 yana kan mulki, aka binne shi a harabar masallacinsa. Wanda ya gaje shi shi ne Sulaiman Basha, ɗaya daga cikin Mamalik ɗin da suka yi masa tawaye a 1789, wanda daga baya ya dawo aka yafe masa. Shi ya ƙarasa ganuwar, ya kuma sake gina hanyar ruwan Kabri da aka lalata lokacin ƙawanyar. Mutane sun yi masa laƙabi da al-Adil, wato mai adalci, don bambanta zamaninsa da na maigidansa.

Sabuwar ganuwar ta sha gwaji sau biyu. A 1832 Ibrahim Basha na Masar ya ci garin, amma sai da ya shafe kusan wata shida yana dukanta. A Nuwamban 1840 kuwa jiragen Birtaniya da ƙawayenta suka yi wa Akka luguden wuta daga teku, harsashi ya faɗa rumbun albarushi ya tashi da sojojin Masar masu yawa, garin ya faɗi cikin yini guda. A wannan karon tekun tana hannun maharan ne.

A yau Akka tana cikin Isra'ila, mafi yawan mazauna tsohon garin Larabawa ne. A 2001 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ganuwar na nan tsaye da wasu tsoffin igwogi a kanta, ana kuma ci gaba da salla a masallacin mai koren tulluwa, inda kabarin Jazzar yake gefe da na Sulaiman. Tudun da ke gabashin gari, inda Faransawa suka yi sansani, har yanzu da sunan Napoliyon mutane ke kiransa.